Hoton da Dila Ya Zaɓa

Ranar Laraba da hantsi Malama ta shigo shagon firintin na Ɗan Tawada da filashi ƙulle a gefen mayafinta, kamar mai tsoron kada hoton da ke ciki ya zube a hanya. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, ta daɗe da yin ritaya, amma har yau in ta yi gyaran murya manya sukan gyara tsayuwa. Ita ke riƙe da Rumbu, wato ɗakin nan na bayan kantin magani inda 'yan sa-kai ke raba kayan abinci duk Asabar ga gidajen da tukunya ta fara kwana a kife.

Masu shagunan layin ne ke ciyar da Rumbun, kowa da abin da ya iya. Mai burodi yana ba da na jiya. Mai kayan miya tana aiko da abin da ba zai kai gobe ba. Mai walda ya ƙera musu kantar ƙarfe. Shi kuma Ɗan Tawada yana buga musu katin karɓa kyauta, lamba kawai babu suna, kamar yadda Malama ta ce a yi. Amma shinkafa da man girki, waɗanda su ne ƙashin bayan abin, daga hannun mutum ɗaya suke fitowa: Dila, mai babban sito a bakin titi.

"Fasta yake so, babba mai hotonsa," in ji Malama, tana kwance ƙullin. "Mita huɗu, a rataye a mashigar layin nan kafin Asabar. Zai zo da abokansa dilolin fulawa da na wake. In sun ga abin ya yi kyau, su ma za su sa hannu."

"Mita huɗu? Malama, fuskarsa ce za ta cika ta ko tumbinsa?"

"Kai dai ka rufa mini asiri ka buga. Gida saba'in da uku ne a wuyana."

Ta fita. Ɗan Tawada ya soka filashin a kwamfuta yana 'yar waƙarsa, hoton ya buɗe, waƙar ta tsaya masa a maƙogwaro.

Ga Dila nan, ya sha farar shadda, yana murmushi har kunne, ya miƙa jakar abinci da hannu biyu. Mai karɓa kuwa wani dogon tsoho ne, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, da jan biro a aljihun gaba. Ɗan Tawada bai ma tsaya kan fuskar ba. Hannun ya duba. Ɗan yatsan hagu na nuni guntu ne, rabinsa babu, injin yankan takarda ya cinye shi tun kafin a haifi Ɗan Tawada. Wannan hannun ne ya kama nasa yana ɗan shekara goma sha huɗu ya koya masa jera haruffan dalma. Wannan bakin ne ya raɗa masa sunan da ya bi shi har yau, ranar da ya kifar da gwangwanin baƙar tawada a kan takardun mutane. Maigidansa ne, wanda yake kira Baba.

Ya waiga ƙofa kamar wani zai leƙo ya gani, ya juya fuskar kwamfutar ta kalli bango. Baba a layin Rumbu! Mutumin da ya ciyar da yaran shago shida a lokaci ɗaya, wanda ko ruwa aka ba shi a gidan mutane sai ya ce yanzu ya sha. Shi za a rataye mita huɗu a mashigar layi, kowa ya wuce ya ɗaga kai, surukansa, tsofaffin abokan cinikinsa, har da yaran da ya taɓa kora saboda lalaci.

Ya ce a ransa ai aikinsa ne, zai san dabara. Ya gwada yanke tsohon daga hoton, sai Dila ya rage yana miƙa jaka ga wasu hannaye marasa mai su. Ya gwada dusar da fuskar, sai Baba ya koma kamar wanda aka kama da laifi aka nuna a labarai. Ya jawo rubutun ya ɗora a kan fuskar, abin ya fi muni. Duk da fankar da ke juyawa a kansa, zufa ta jiƙa masa riga. Wata mata ta shigo yin kwafin takardun asibiti, ya yi mata shafi ɗaya sau uku, ta tambaye shi ko lafiya.

Ya kira Malama a waya.

"Malama, babu wani hoton ne?"

"Akwai biyu. Ɗaya idonsa a rufe, ɗaya ya ba da baya. Wannan Dila ne ya zaɓa da kansa, da mai hotonsa ya zo. Me ya faru?"

"Tsohon nan da ke ciki... tun yaushe yake zuwa?"

Ta yi gyaran murya, irin wanda ke sa ɗalibi ya tuna laifinsa.

"Ba na maganar wanda ke zuwa Rumbu, ko da kai ne ka buga katinsa. Ni ma ban so hoton nan ba. Amma ka tuna bara, da sunan Dila ya fito ƙasa da na mai burodi a takardar godiya? Mako biyu motar shinkafa ba ta zo ba. Bai ce ya yi fushi ba, cewa ya yi direba ba shi da lafiya. Ni na tsaya a ƙofa ina ba mutane haƙuri da burodin jiya. Ba zan sake ba."

Ya tuna mana. Shi ne ma ya jera sunayen.

Ranar Alhamis ya rufe shago da rana tsaka ya nufi sito. Wurin na warin buhu da man inji, leburori na ta sauke kaya daga wata doguwar mota, Dila na zaune kan kujerar roba da waya a kowane kunne. A gaskiya ba mugun mutum ba ne. Kyautarsa ta gaske ce, shinkafarsa babu tsakuwa. Kawai dai yana son in ya yi alheri a ji ƙararsa har layi na uku.

"A'a, mai firintin! Ka ga hoton? Ya yi ko?"

"Ya yi, ranka ya daɗe. Sai dai na ce ko za a sa jakunkunan kawai, da kai a tsaye a gefe..."

"Jakunkuna? Wa zai tausaya wa jaka?" Dila ya yi dariya, ya sauke waya ɗaya. "Ka dubi tsohon nan da kyau. Dattijo ne fes, da gugarsa da bironsa. Shi ya sa na zaɓe shi. Abokaina gani suke yunwa sai mai tsumma. In suka ga irin wannan a layi, jikinsu zai yi sanyi, su buɗe sito." Ya ɗan kalle shi ta gefen ido. "Amma in hoton bai yi muku ba, ku faɗa mini. Ba dole. Komai ma ba dole ba ne."

Kalma biyu ce a bakin Ɗan Tawada: maigidana ne. Ta zo har kan harshe ta koma. In ya faɗa, ya tona asirin da ya zo rufewa, kuma a gaban leburori. In ya dage, gida saba'in da uku su tashi da tukunya a kife saboda shi. Ya ce, "Ya yi, ranka ya daɗe, gobe zan buga," ya juya ya fito.

Da safiyar Juma'a ya ɗora ledar fastar a kan babban inji, ya daidaita ta, ya kai hannu kan maɓallin ya kasa dannawa. Sau uku. Daga ƙarshe ya buga ƙaramin gwaji a takarda ɗaya, ya naɗe, ya sa a aljihu. Ya ga dai ko me za a yi, bai kamata Baba ya fara ganin kansa a sama tare da 'yan kallo ba.

Gidan Baba layi uku ne kacal daga shagon. Tafiyar minti bakwai ce, amma Ɗan Tawada ya kusa shekara biyu bai yi ta ba. Tun da ya sayi injin zamani, masu kawo wa Baba aiki suka dawo wurinsa ɗaya bayan ɗaya, har tsohon ya rufe nasa shagon. Ba wanda ya yi wa wani laifi, amma kunya ta hana shi zuwa. Kullum sai ya ce mako mai zuwa, kuma kowane mako da ya wuce sai zuwan ya ƙara nauyi.

Ya yi sallama. Matar Baba ta amsa daga ɗaki, ta ce ya yi haƙuri ƙafa ta hana ta tasowa. Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa kan tabarma, yana goge haruffan dalma da tsumma yana mayar da su gurbinsu a cikin tsohon akwatin katako, haruffan da babu mai sake buga komai da su. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A bayan ƙofa ga jakar Rumbu a ninke, a kan taga kuma ga katin, lamba arba'in da ɗaya, bugun Ɗan Tawada.

"Wa nake gani kamar Ɗan Tawada? Injin naka ne ya lalace?"

"A'a, Baba. Gaisuwa na zo."

Ya durƙusa. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki, gaisuwa ta ƙare. Ɗan Tawada ya sa hannu a aljihu. Ya zaro takardar, ya miƙa, ya fara bayani a hargitse: Dila, Asabar, mita huɗu, shi wallahi ya yi ƙoƙari, in Baba ya ce a'a to ko me zai faru ba zai buga ba.

Baba ya karɓa. Ya warware takardar, ya laluba aljihu ya ciro ɗan gilashin nan na duba aiki, ya karkata wajen haske. Ya daɗe yana bin hoton daga kusurwa zuwa kusurwa. Sai ya zare jan bironsa.

"Ja ya yi yawa," in ji shi. "Dubi fuskata, kamar mai zazzaɓi. Farar rigar mutumin nan kuma ta tafi ruwan hoda. Rubutun ya matse da baki, in aka ninke leda za a cinye harafin ƙarshe. Haka na koya maka?"

"Baba, ba wannan ba ne... mutane za su gani."

"Su wa?"

"Kowa. Duk layin."

Tsohon ya ajiye gilashin a kan akwati, ya dube shi sosai a karo na farko.

"Mai burodi ne ke zaɓo mini mai laushi saboda haƙorana. Mai walda ya taɓa rako ni da jaka har ƙofar nan da aka yi ruwa. Mai kayan miya kullum sai ta tambayi ƙafar tsohuwa. Wata goma sha ɗaya ke nan ina bin layin nan, ina wucewa ta gaban shagonka da jakata, kana ciki ka ba titi baya kana kallon kwamfuta. Ranar farko na ji kunya, har na kai ƙofa na juyo. Ta biyu yunwa ta raka ni." Ya yi ɗan murmushi. "Da mai hoton ya zo, wasu suka ɓuya. Ni na gyara wuyan riga na tsaya, don na san in mutumin nan bai sami hotonsa ba shinkafa za ta yi ciwon direba. Layin nan duk sun sani, ɗana. Kai kaɗai ne sai da aka kawo maka ni a filashi."

Ɗan Tawada ya sunkuyar da kai. Kwana uku yana ɗauke da kunya a ka yana neman inda zai ɓoye wa Baba ita, ashe tasa ce. Ya so ya ce wani abu, ya ba da haƙuri, ya yi alkawari, amma tsohon ya riga ya koma kan takardar. Hawaye ya ɗiga a kan tabarma, bai share ba.

Baba ya zagaye wurare uku da jan biro, ya sa hannu a ƙasan takardar kamar yadda yake yi a da in aiki ya wuce, ya miƙa masa.

"Je ka gyara ka buga. Kada ka sa a rataye ni da launin banza."

Baba ya raka shi har bakin ƙofa yana dafa bango. Ɗan Tawada ya sa takalmi, ya yi taku biyu, sai ya ji muryar tsohon a bayansa, ƙasa-ƙasa yadda tsohuwa ba za ta ji daga ɗaki ba.

"Gobe in za ka rataye ta, ka zo da wuri. Ƙarfe tara nake shiga layi. Jakar nan ta fara yi mini nauyi."