Akuyar Ranar Ciwo

"Ɗaga zanen in gani," in ji Hajara, tana tsaye a kan maƙwabciyarta Tanna, hannu a ƙugu.

Tsohuwar ta ɗaga da ƙyar. Ƙunar da tafasasshen mai ya yi mata ranar suyar ƙuli-ƙuli ta kumbura har idon sawu, gefenta ya yi baƙi, ƙudaje ma sun riga kowa sani. Hajara ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Likitar Maijirgi, ƙaramin asibitin nan, ba nisa, amalanken Gajere kan kai mutum kafin rana ta yi zafi. Kuɗin wankin ciwo da allura kuwa, ga jar akuya nan a turke, wadda Tanna da bakinta ta ware saboda ranar ciwo. Duk unguwa an san ko da salla ba a taɓa ta.

Sai dai Tanna tana cikin asusun lafiya na garin. Kowace kaka takan kai hatsinta wurin Malam Ishaƙu mai riƙon asusun. Ƙa'idarsu kuwa, ƙaramin ciwo mutum ya ji da kansa, sai an ba shi gado a asibitin Tasawa asusu ke sa hannu. Shekara da shekaru tana zubawa, ko ƙwayar ciwon kai ba ta taɓa sha daga ciki ba, abin kuma yana ci mata rai.

"In saida akuyata, su ko su riƙe hatsina?" ta ce. "Bari shi ƙara nuna, shi kai na asusu."

"Inna Tanna, ƙahwa ce hwa, ba kankana ba."

Babu irin maganar da Hajara ba ta yi ba. Ta lallasa, ta yi faɗa, ta kirawo Malam Ishaƙu da kansa, ya tsuguna a bakin ƙofa ya roƙe ta ta sayar da akuyar ta tafi yau. Tanna ta sa aka dama masa fura, ta tambaye shi lafiyar iyali. Wata safiya Hajara ta kwance igiyar za ta kai kasuwa da ƙarfi, tsohuwar ta rarrafo daga tabarma ta riƙe ɗaya bakin, suka yi ta ja kamar yara. Hajara ta saki, ta rantse ba za ta sake taka gidan ba. Da la'asar sai ga ta da kwanon kunu, tana ƙunƙuni tun daga zaure.

Ranar da ta tarar da kunun jiya ba a taɓa ba, jikin Tanna zafi rau, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta aika aka kira Gajere, suka shimfiɗe ta a amalanke zuwa bakin hanya don neman mota. Jaki na nitsewa cikin rairayi, Tanna ta buɗe ido.

"Ya kai na asusu?"

"Ya kai, Inna."

Sai ta yi murmushi. Murmushin nan ya fi komai ƙona ran Hajara, har ta kau da kai don kada ta zagi mara lafiya.

A Tasawa an ba ta gado. Asusu ya biya komai, ba a tambaye su ko dala ba. Ruwan da aka ɗaura mata bai ƙare ba ta cika.

Bayan an kai ta, mata suna ta shiga da fita, kowa ya manta da turke. Akuyar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Hajara ta tashi daga cikin masu zaman makoki, ta ɗebo harawa ta watsa mata.

"Ci," ta ce. "Ke dai kin tsira."

Akuyar ta sa baki tana ci. Hajara ta tsaya riƙe da igiyar, inda hannun Tanna ya sa ta yi santsi.