Soson Tsohuwa a Barandar Haya

…kuma ba iskar ce ta fi ba ni haushi ba, igiyar ce. Ga ta can a bakin ƙofa, a naɗe, ina ganinta tana ganina. Hannuna na dama yana sama riƙe da gorar da soson ya hau, na hagu yana tallabe da gindinsa. In na saki, gora ta kife, ta tafi da shi. Ya riga ya tsage daga ƙasa, kaɗan ya rage ya rabu.

Tsohuwa, sosonki ne. Irin da kika bari a kwalbar magani kafin ki rasu. Na zuba duka a bokitin fenti, ɗaya kawai ya yi mini kara ya fito. Ɗaya! Babu saura a kwalba, na leƙa, na girgiza, na sake leƙawa.

Ƙusa ɗaya ta isa. Tana aljihuna ma, ina jin sanyinta a cinya. Ni da na tsufa a aikin kafinta, na yi wa mutane rufi, na rataya ƙofofi, yau bango nake kallo kamar suruki… Mai ginin ya faɗa tun ranar da 'yarmu Auta ta kawo ni, yana shafa fentinsa kamar kan jariri: rami ɗaya, a kwashe kaya. Auta ta bi ni baranda ta rage murya. "Baba, don Allah, ko ɗaya. Da ƙyar na samu wurin nan." Na ce to. Me zan ce? Ɗakinta ne, ni baƙo ne mai tari.

Don haka komai ɗaure yake. Galan na tumatir ɗaure a ƙarfen baranda da tsumma. Na'ana'a a tsohon kwano, a rataye a ƙugiyar labule. Gorar na tokare ta tsakanin ƙasa da silin, na cusa mata guntun katako, aiki mai kyau, ko yanzu ba na jin kunyarsa. Ƙullin da ya riƙe ta a ƙarfen baranda ne ya ci amanata. Da safe na ɗaure shi ni kaɗai, na ja da haƙori, na san bai kama ba. Ƙulli yana son ɗan yatsa a kai kafin a zarge na biyu. Yatsan wa?

"Riƙe min nan." Abin da na fi faɗa miki ke nan a duniya, ko? Ya fi sannu yawa. Ke kuma ki danna, kina mita, "Kafinta, in ka buge min yatsa, yau da yunwa za ka kwana." Ban taɓa bugewa ba… to, sau ɗaya. Katangar gidanmu duk ƙusa, soso ya lulluɓe ta, maƙwabta suna aiko a ba su na wanka. Wanda ya sayi gidan an ce ya shafe ta da siminti.

Kafaɗata… wayyo. Ta fara rawa.

Ƙasa mutane suna ta wucewa, kawunansu kawai nake gani. In kira wa? In ce me? Bawan Allah, hawo sama ka danna min ƙulli? Matar barandar gefe ta fito ɗazu ta kwashe shanyarta, na buɗe baki — ban san sunanta ba. Kafin in samo abin da zan kira ta da shi ta rufe ƙofa. Wayata tana kan gado. Auta sai yamma, in ba a riƙe ta a wurin aiki ba, ta shigo a gajiye ta ce Baba ka ci abinci, idonta a kan waya. Ba laifinta. Yarinyar kirki ce, Tsohuwa, kin yi tarbiyya. Kewa ce kawai take cina, kuma ba abin da za ta iya yi mata.

Jiya ta tsaya nan tana yaba aikin. "Ka ga amfaninsa, Baba? Ranar da za mu tashi sai a kwance a ɗauke, kamar ba wanda ya taɓa zama." Tana murna ta faɗa. Na yi dariya ni ma.

Kamar ba wanda ya taɓa zama…

Iskar ta sake tasowa. Tsaya, tsaya mana! Ga wani siririn zare na soson yana lilo kusa da hannuna, yana lalube. Tun makon jiya yake lalubar bangon nan, sumul, ba inda zai kama. Ko da ƙusar zan buga, da wane hannu zan ɗauko guduma? Yanzu ya taɓa min babban yatsa. Ya kwanta a kai. Ke kika ce in aka bar su suna naɗewa a duk abin da ya tsaya musu.

To na tsaya. Ai na tsaya, Tsohuwa. Amma hannun ya mutu tun ɗazu, ba na jinsa… riƙe min nan.