Dashen Mangwaron da Bishir Ya Ba Kabo

Bishir ya tsufa a gandun renon itatuwa na ƙaramar hukumar Kankia. Rabin itatuwan bedin da ke ba da inuwa a hanyar Rimaye shi ya rene su, amma ba a taɓa kiransa ya yi magana a taro ba. Sai ga taubashinsa Kabo, ɗan Kusada mai aikin jirgin ruwa, ya zo hutu, makarantar sakandare ta gayyace shi jawabi kan muhalli. Bishir aka sa ya jera kujeru.

Kabo ya ce jirginsu na ɗaukar riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen waje, an kafa masa manyan fukafukai, iska na tura shi, an kuma rage gudu don kada ya sha baƙin mai da yawa. Aka yi ta tafi. Bishir bai tafa ba. Ya ɗaga hannu.

"Taubashi, wannan jirgi naku ya daina hayaƙi ke nan?"

"Ina fa!" in ji Kabo yana dariya. "Yana yi, Malam Bishir. Kaɗan muka rage. Da sauran aiki."

Tafin ya fi na farko. Har shugaban makaranta ya miƙe ya riƙe hannun Kabo.

Kashegari Kabo ya zo gandun, ya ce yana son dashen mangwaro don gonar marigayi mahaifinsa. Bishir ya wuce masu kore shar, ya tsinto masa ramammu, masu rawayan ganye. Kabo bai san bambanci ba. Ya yi ta godiya, ya ɗaure su a bayan babur.

Kabo ya koma teku. Ruwa ya ɗauke da wuri. Wata rana Bishir ya ratsa ta Kusada, ya ce wa kansa hanya ce ta biyo da shi. Ya tarar da dashen sun langaɓe, biyu sun bushe ƙamas. Ya so ya ji daɗi, daɗin bai zo ba. Ya ari jarka a maƙwabta, ya yi ta jido ruwa har la'asar.

Wata tsohuwa mai ɗauke da kara ta tsaya tana kallo.

"Sannu, ɗan nan. Itatuwan Kabo ne ko? Yaron akwai kishin ƙasa."

"Nasa ne, Inna," in ji Bishir. Ya ciji leɓe, ya juye jarkar a gindin na gaba.