Fassarar Nafiou

"Me ya ce? Asama'u, kin yi shiru. Me ya ce?"

Na ƙara matso da wayar kusa da fuskata kamar rubutun ne ya yi mini ƙanana. Sarai na karanta Turancin da ke wucewa a ƙasan hoton, bakina ne ya ƙi ɗauka.

"Ya ce shi amininsa ne, Alhaji. Ya ce Allah ya bar zumunci."

Alhaji Safiyanu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Mutanen Taiwan ne za su ce Allah ya bar zumunci? Ki ji tsoron Allah, Asama'u. Ido na rasa, kunnena ƙalau yake. Wannan muryar ba ta amini ba ce."

Ƙofofinmu na kallon juna a wani tsohon bene a unguwar Abu Hail, nan Dubai. Ni tuwo da miyar kuka nake sayar wa 'yan kasuwarmu da suka gaji da shinkafar Indiyawa. Shi kuma ɗan Fagge ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana loda kayan mota daga kasuwar Ras Al Khor zuwa gida. Ciwon suga ya cinye masa ido, sannan ya sauka ƙoda. A wurin wankin ƙodar ne wata nas 'yar Filifin ta sa masa wannan fim mai dogon zango a waya, wai don ya rage zaman shiru. Sinanci suke yi, fassarar kuma da Turanci, ni ce kaɗai mai ɗan boko a hawanmu. Haka na zama tafinta ba shiri.

Labarin wani saurayi ne mai sayar da taliya a wani gari na bakin teku, da abokinsa masunci. Duk lokacin da mai taliyar ya haɗiye maganar da ya so ya faɗa wa masuncin, sai wani ɗan tsuntsu ya bayyana a ɗakinsa. Tun suna biyu, uku, har ɗaki ya cika, ba wurin sa ƙafa. Ranar da na gane inda labarin ya dosa na ajiye wayar na ce a'uzubillahi, ni da wannan aiki har abada. Na ɗauke ƙafa. Amma bangon gidan nan kamar kwali yake, tarinsa na shigo mini har kicin. Na koma, ina fassarawa ina datse abin da ya fi ƙarfin bakina.

Ba shi kaɗai yake zaune ba. Akwai Nafiou, mutumin Damagaram, dogo, siriri, wanda sai ka wuni da shi bai yi maka jimla biyar ba. Abokin kasuwanci ake ce masa. Tun kafin in zo garin suke gida ɗaya. 'Yan gulmar unguwar Port Saeed sun yi har sun gaji sun koma kan wasu. Ni ba malama ba ce, ba kuma alƙali ba, abin da na gani kawai zan faɗa: Nafiou ne ke masa wanka, shi ke yanke masa farce, shi ke ɗanɗana miyata kafin ya ba shi, ya dawo mini da ita in gishiri ya yi yawa. Na sha jin haushin hakan.

Sai dai da zarar na kunna fim, Nafiou zai miƙe ya shige kicin ya buɗe famfo. Alhaji kuma zai karkata kai ya tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Yana nan?"

"Yana wanke-wanke."

"To ɗaga muryarki."

A nan na gane ba tsuntsaye ne suka dami Alhaji ba. Akwai maganar da ya kasa faɗa tsawon zamansu, yana so ta fita ta bakin wani kafin ƙasa ta rufe masa ido, kuma yana so ya ji amsa. Tausayinsa ya kama ni, tare da tsoro.

Ana saura kashi na ƙarshe ƙaninsa Mu'awiya ya sauka daga Kano da tikiti a hannu. Likita ya riga ya ce babu sauran dabara, dangi kuma sun yanke a kawo shi gida ya cika a cikinsu. Mu'awiya ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da ke shiga gida su fara gyara zaman kujeru. Ya kama hannun Nafiou ya ce, "Malam, an gode da ɗawainiya, Allah ya biya. Daga yau ni zan riƙa ba shi magani." Nafiou ya miƙa masa ledar magungunan. Babu wanda ya yi zancen ya bi su Kano. A matsayin wa zai je?

Washegari bayan la'asar Alhaji ya aika a kira ni. Na tarar da Mu'awiya durƙushe gaban akwati yana ninke kaya.

"Yaya, mutum a wannan hali Alƙur'ani ya kamata ya saurara, ba fim ɗin 'yan Sin ba."

"Na saurara da asuba," in ji Alhaji. Muryarsa ta shige ciki, sai ka kasa kunne. "Asama'u, yalla."

Na kunna, na ƙudurta a raina yau ko me aka rubuta zan faɗa, Mu'awiya ya yi abin da zai yi. Masuncin ya tura ƙofar ɗakin mai taliya, ya ga tsuntsaye maƙil, a kan gado, a kan fanka, a cikin kwanuka. Ya tsaya. Mai taliyar ya sunkuyar da kai. Masuncin ya ratsa a hankali ya buɗe taga. Na zuba ido ina jiran rubutu. Babu ko harafi, sai wani ɗan kiɗa siriri.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Alhaji."

"Asama'u."

"Wallahi tallahi wannan karon ba ni ba ce. Shiru suka yi, su duka biyun."

Fuskarsa ta saki. Ya lalubi bakin bargo ya damƙe, ya ce, "Shi ke nan?" Ban taɓa jin tsanar wani abu kamar yadda na tsani masu fim ɗin nan a lokacin ba. Duk wannan doguwar tafiya, su rasa kalma ɗaya da za su ba mutum.

Sai na ji an rufe famfo. Nafiou ya fito ya tsaya a bakin ƙofar kicin, hannunsa na ɗigar ruwa. Ko kallon wayar bai yi ba.

"Ya yi magana, Hajiya, ke ce ba ki ji ba," in ji shi. "Bon. Ya ce, na sani, tun tuni na sani. Ya ce, ni ma haka nan ne, ba ni da bakin faɗi ne kawai. Ya ce, ka tafi gida hankali kwance, kada ka damu da ni. Abin da na samu ya ishe ni har tawa ta zo."

A cikin wayar bakin samarin nan a rufe yake.

Mu'awiya ya ɗago da mamaki. "Ashe Malam Nafiou har Sinanci kake ji?"

"Shwayya, kaɗan-kaɗan," in ji Nafiou.

Alhaji ya juya fuskarsa bango. Mun daɗe muna kallon kafaɗarsa na rawa kafin ya ce, "Khalas. Kashe, Asama'u. Na ji."

Bai hau jirgin ba. Da hantsin ranar tafiyar, Mu'awiya ya fita sayen tsaraba, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Nafiou ne, ba takalmi. "Hajiya, ya rigaye mu," ya ce, ya juya.

A nan Dubai aka binne shi. Wani mai sayen tuwona ya ba ni labari cewa da aka ce wa zai shiga kabari ya karɓe shi, kafin Mu'awiya ya gama naɗe hannun riga, Nafiou ya riga ya dira.

Da yamma falon ya cika da 'yan kasuwa. Kowa ya shigo sai ya nufi Mu'awiya, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Nafiou na zagayawa da tiren ruwa, ana ɗauka ba a ko ɗaga kai. Na tare shi a lungun kicin na ce, "Malam Nafiou, ya haƙuri?" Ya tsaya cak da tiren a hannunsa. Na lura da ƙasar kabarin a gwiwoyin wandonsa da gwiwar hannunsa.

"Cire ka kawo in wanke maka."

"Bar shi, Hajiya."

Da mutane suka tafi sallar magariba na koma ɗaukar kulolina. Ƙofar a buɗe take. Nafiou na zaune a ƙasa, ya jingina da gadon da aka yaye wa zani, yana kakkaɓe yashin da ya maƙale a naɗin ƙafar wandonsa, a hankali, cikin tafin hannunsa.