Barcin Sajan

A layinmu kowa da abin da yake faɗa a kan Sajan. Mai shayi ya ce ba ya zama sai ya leƙa ƙarƙashin teburi. Makanike ya ce ranar da taya ta fashe, a cikin kwata aka tsamo shi. Matarsa kuwa abu ɗaya ta taɓa gaya mini, ranar da ta kawo ɗinki: "Tela, tun da ya dawo daga yaƙi ban ga ya runtsa a kan gado ba."

Ni na san inda yake barci, don a kan wani benci ne a ƙofar shagona. Kullum in rana ta take sai Dogo ya zo, wanda suka yi soja tare. Ba sa fuskantar juna. Baya suke haɗawa, kowa na kallon ɓangarensa na layi.

"Tsoho, na karɓi gadi," in ji Dogo.

"Kai da ido ɗaya? Allah ya tsare mu."

Kafin in gama kalmasa hannun riga, kan Sajan ya langaɓe. Dogo ba ya motsi ko ƙuda ya sauka masa a hanci.

Sai masu shirya fim suka zo neman tsofaffin sojoji su ba su labari. Sajan ya kore su. Dogo ya bi su.

Da fim ɗin ya fito, aka haska shi a gidan kallon da ke ƙarshen layi. Sajan ya zauna kusa da ƙofa, ni ina gefensa. Aka nuno sojoji uku a cikin rami, ɗaya ya ji rauni yana nishi, abokan gaba na wucewa ta sama. Wani mai tabo a haɓa, irin na Sajan sak, ya toshe masa baki da tafin hannu. Da takun ya yi nisa ya ɗaga hannun. Mai raunin ba ya numfashi.

Mutane suka fara waiwayowa. Sajan ya dubi tafinsa, ya goge a riga, ya fita.

Washegari Dogo ya zo ya zauna. "Tsoho, na karɓi gadi."

"Mu biyu muka fito daga ramin nan da rai. Wa ya faɗa?" in ji Sajan.

"Ai ban ba su sunanka ba."

"Ka ba su haɓata." Ya ja kujera ya jingina da bango. "Na sallame ka."

Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Idanunsa suka yi jawur, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Maganin asibiti bai yi komai ba. Na taɓa samun shi ya sunkuya a bakin kwata yana raɗa: "Yi shiru, sun kusa wucewa." Dogo kuma bai fasa zuwa benci ba, bayansa ba kowa.

"Ni ma fa ina cikin ramin," ya ce mini wata rana. Na ci gaba da taka keken ɗinki.

Wata safiya matar Sajan ta tsaya a ƙofar shago, ba ɗinki a hannunta. Dogo take kallo.

"Ya sallame ni," in ji shi.

"Ni ban sallame ka ba. Tashi."

Na bi su. An rufe tagar ɗakin da bargo, gadon na kallon ƙofa, takalman soja a ƙarƙashinsa. Sajan na kwance ido buɗe, yana danna tafinsa a kan katifa. Muka ɗaga shi zaune. Dogo ya hau gadon, ya juya, ya haɗa bayansa da nasa.

"Na karɓi gadi."

Da ƙyar leɓɓan Sajan suka motsa. "Kai da ido ɗaya."

Kansa ya langaɓe. Numfashin ya yi tsawo, ya yi nisa, daga nan ya tsaya cak, ban ƙara jin sa ba. Matar ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Dogo bai motsa ba. Bango yake kallo, ya sa hannu baya ya tallafi kafaɗar Sajan don kada ta zame.

"Nauyi ya yi mini, na sauke a inda bai kamata ba," ya ce. "Ka yafe mini, Tsoho."