Garwashin da Auta Ta Yi Gadi

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar Talata wayar Auta ta yi kukan da ba ta yi wa kowa sai sama. Tana tsaye a bakin ƙofar ofis, jaka a kafaɗa, makullin mota a hannu, za ta wajen Baba. Wayar nan in 'yan'uwa suka kira, kiɗa take yi mai sanyi, amma wannan kukan daban yake, irin na kazar da aka taka wa ƙafa. Dogo, abokin aikinta, shi ya zaɓa mata shi da gangan, wai don ko suma ta yi ta farfaɗo.

Ga abin da kukan yake nufi. Can nesa, nesan da baki ba ya iya faɗa, wani ƙaton tauraro ya mutu. Irin waɗannan in za su mutu sukan yi walƙiya da wani haske da ido ba ya gani, wanda masana ke kira gama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi ta ɗauke. Akwai tauraron ɗan'adam da ba shi da aikin fari balle na baƙi sai jiran wannan walƙiya, da ya gan ta sai ya aiko wa irin su Auta saƙo: ga wurin, ku yi sauri. Ita walƙiyar ta wuce, ba mai kama ta. Abin da ake rububi shi ne ɗan hasken da take bari a baya, wanda yake fara dusashewa tun daga minti na farko. Auta garwashi take ce masa. Baba ne ya raɗa sunan, ranar da ta gama yi masa dogon bayani ya gyaɗa kai ya ce, "Wato dai gobara ta riga ta ci, ke garwashi kike gadi."

Ta ajiye jakar ta koma ciki. Ɗakin aikinsu ba shi da taga. Kwamfutoci uku ne, da butar shayi mai wutar lantarki, da kujera mai karyayyen hannu da suke faɗa a kanta ita da Dogo, sai agogo biyu a bango. Ɗaya na nan ne, ɗayan na can ɗaya gefen duniya, inda madubinsu na hangen nesa yake zaune a kan wani dutse. In gari ya waye a nan, can dare ya yi, don haka Auta da rana tsaka take kallon taurari, tana jin hon ɗin motoci ta bayan bango.

"Dakta, zo ki ga ikon Allah," in ji Dogo, bakinsa cike da biskit. "Shekara uku muna jiran mai haske, yau ga shi ya zo da ƙafarsa."

Hoton farko ya fito. Baƙin fili ne da ɗige-ɗigen taurari, a gefen hagu kuma ga wani ɗigo fari tas, a wurin da tsohon hoto ya nuna babu komai. Auta ta zauna a kujerar ba tare da ta san ta zauna ba.

To amma akwai Baba. Baba mai hoto ne, shekara arba'in yana cewa mutane su ɗaga haɓa su daina ƙifta ido. Yanzu tsufa ya shiga kansa, yana kwashe masa sunaye da fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Yawancin yini yana can wata duniyar, amma kullum da hantsi, in Yaya, yayar Auta da ke jinyarsa, ta yi masa wanka ta ba shi shayi ta janye labule, sai ya dawo. Ya san Yaya, ya san Auta, har ya tsokane ta cewa gwamnati na biyan ta don ta kalli abin da ya riga ya mutu. Wannan ɗan lokacin shi ne duk abin da ya rage musu na Baba, kuma daidai lokacin ne dare yake yi wa madubin.

Ku ji aikin masu ilimi. Tun wata biyar da suka wuce Auta take rubuta mintocin da Baba yake yi cikin hayyacinsa a ɗan littafi. Yau awa biyu, wani satin awa ɗaya da rabi, haka dai. Ta sa su a takarda mai gida-gida, irin wadda take auna dusashewar garwashi da ita, ta ɗora rula, ɗigogin suka bi layi ɗaya miƙaƙƙe. Ranar da ta ga haka har wani sanyi ta ji a ranta, don abin da ke bin layi ana iya sanin gobensa. Layin ya ce yanzu Baba yana da minti ashirin da biyar a rana, kuma zai ci gaba da sanin ta har nan da sati uku, ko ma fiye.

Ta kira Yaya.

"Yaya, yau ba zan samu zuwa ba. Wani babba ne ya fashe, sai na bi shi kwana huɗu."

"Kwana huɗu? Auta, mutumin nan ya sa na taje masa gemu saboda ke."

"Na duba lissafina, Yaya. Muna da lokaci. Asabar in Allah ya yarda zan zo in yini."

"Lissafi!" Yaya ta ja tsaki. "Ni ban yi dogon karatu ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ki yi abin da kika ga ya fi."

Gaskiya ɗaya ce, Dogo zai iya aikin shi kaɗai. Maɓallan nan ba su san hannun Auta ba. Amma ita ta rubuta takardar neman lokacin madubin, ita ta jira shekara uku, kuma ɗigon nan ya riga ya kama ta. Ta ajiye wayar a kife ta juya ga kwamfuta.

Kwanakin suka shiga juna. Kowace safiya madubin yakan buɗe idonsa minti biyar, ya aiko hoto, ta auna hasken ɗigon, ta ɗiga a takarda. Tsakanin hoto da hoto babu abin yi sai jira, ɗakin ya yi tsit, sai gurnanin fanka a cikin kwamfuta. A nan ne tunaninta yake sulalewa. Hasken nan da take aunawa ya taso tun ba a yi duniyar nan ba. Ya yi ta tafiya cikin duhu, ba hanya ba masauki, aka yi ƙasa, aka yi ruwa, aka yi mutane, aka haifi Baba, ya sayi kyamararsa ta farko, ya haife ta, duk yana hanya. Sai da ta girma ta zauna a kujera mai karyayyen hannu sannan ya iso, a gajiye, ya faɗi a kan madubinta. Wani lokaci sai ta ji kamar ita kaɗai ya zo wa, har kunyar ɗauke ido take ji.

Daga nan sai ta tsinci kanta a ɗakin wanke hoto na Baba, tana 'yar shekara bakwai, a tsaye kan kwali don ta kai tebur. Jar fitila, warin magani mai hawa ka, farar takarda kwance a cikin ruwa. Baba yana girgiza tiren a hankali, sai ka ga inuwar gira, sai hanci, sai ga mutum sukutum yana kallon ka daga ƙarƙashin ruwa. Ta taɓa tambayarsa yadda yake ɗaukar hoto in gari ya yi duhu. Ya ce, "In haske ya yi ƙaranci ba a faɗa da shi, Auta. Lokaci ake ƙara masa, a hana mutum motsi. Kaɗan-kaɗan yake taruwa."

"Dakta, kin tafi ke nan?" in ji Dogo. "Hoto ya iso tun ɗazu."

Ranar Laraba suka ƙara lokacin zuwa minti goma sha biyar, don ɗigon ya rage haske. Da yamma ta biya ta gidan Baba, ta same shi kwance yana kallon silin, kamar yadda yake yi kowace yamma, don haka ba ta ga wani sabon abu ba. Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga idon Auta na kan waya, sai ta fasa ta shige kicin. Ranar Alhamis ɗigon ya zama toka-toka, sai an nuna maka za ka gan shi. Amma yana bin layinsa miƙe, ɗigo bayan ɗigo, abin gwanin sha'awa.

Ranar Juma'a, ƙarfe goma da rabi, Auta ta auna, ta ɗiga, ɗigon ya faɗo ƙasa da layi. Ta ce kuskure ne, ta sake aunawa. Hoto na gaba ya zo, ya faɗo ƙasa da na farkon. Dogo ya leƙo ta kafaɗarta, sai ya buga tebur har shayi ya zube.

"Gwiwa! Dakta, wallahi gwiwa ce! Mun kama ta!"

Gwiwa suke ce wa wurin da layin yake karyewa. Kowane ɗalibi a wannan fanni ya san ta. Garwashi yakan yi ta dusashewa a hankali, a miƙe, har ka saki jiki, sai rana ɗaya ba sallama ya lanƙwashe ya gangara, abin da ka zata zai yi sati uku ya tafi a kwana biyu. Wannan gwiwar ita ce abin da suka zauna kwana huɗu suna nema. Ita kanta Auta ta koyar da ita a aji ba sau ɗaya ba, har tana ja wa ɗalibai kunne cewa kada wanda ya amince wa miƙaƙƙen layi.

Dogo yana ta murna, yana cewa sai an buga sunansu a mujallar masana, ita kuwa Baba ne ya faɗo mata a rai. Ta jawo jakarta, ta zaro ɗan littafin, ta buɗe takardar Baba. Ga layin nan miƙe, ga inda ta ɗora rula ta ja shi gaba da jan biro har zuwa ƙarshen wata, a wurin da babu ɗigo ko ɗaya. Haba Auta! Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Dakta, ina za ki? Saura hoto shida!"

"Ka ɗauka," ta ce, ba ta ko waiwayo ba.

Ba ta san yadda ta bi titi ba. Ta dai tuna jar danja guda biyu, da wani mai babur da ya zage ta. Yaya ce ta buɗe ƙofa, hannunta da kofin shayin da ba a sha ba. Ba ta yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ya fi yi wa Auta ciwo.

"Ranar Laraba ya tambaye ki sau biyu," in ji Yaya. "Jiya ya kira ni da sunan Mama. Yau bai kira kowa ba."

"Don Allah Yaya, me ya hana ki gaya mini?"

"Shi ya hana. Ya ce kar a ɗaga ki, wai in kika ɗauke ido abin zai tafi."

An janye labule, hantsi ya kwanta a rabin gado. Baba yana zaune a jingine da filo, gemunsa a taje. A lungu ga tsohuwar kyamararsa a kan ƙafafunta uku, an lulluɓe ta da zane. Bangon cike yake da fuskokin mutanen da ya ɗauka, har da wata yarinya mai giɓi a tsaye kan kwali.

"Baba," ta ce. "Baba, ni ce."

Ya juyo ya dube ta da fara'ar da yake yi wa duk wanda ya shigo shagonsa.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Hoto za a yi?"

Ta so ta faɗi ta rungume ƙafafunsa ta ce ita ce Auta, ita ce mai gadin garwashi, ta yi kuskuren lissafi. Amma ta san ba a faɗa da haske in ya yi ƙaranci.

"E, Baba," ta ce. "Hoto za a yi."

"To kin zo a makare, hasken ya soma tafiya. Ba komai, za mu ƙara masa lokaci. Zauna can kusa da taga. Ɗaga haɓa kaɗan. Yauwa." Ya ɗaga hannayensa biyu, babu komai a cikinsu, ya haɗa yatsu ya leƙa ta tsakani da ido ɗaya. "Kar ki motsa."

Ta zauna. Ƙura tana yawo a cikin hasken tagar, a hankali, ba ta sauka. Ya fara ƙirga, ɗaya, biyu, uku, ya kai bakwai ƙirgar ta ɓace masa, amma bai sauke hannu ba, bai kuma ce an gama ba. Idonsa ɗaya yana kanta, yana kallon ta sosai, irin kallon da ta yi kwana huɗu tana yi wa ɗigon nan. Hawaye ya gangaro mata har haɓa, ta bar shi.

A cikin jaka wayar ta soma kukan kazar nan. Wani tauraron ya sake mutuwa a wani wurin. Yaya ta leƙo daga bakin ƙofa ta dubi jakar, ta dubi ƙanwarta. Wayar ta yi ta kuka har ta gaji ta yi shiru.

Baba ya yi murmushi ta bayan yatsunsa.

"Madalla da ke," ya ce. "Ina da 'yar auta, kamanninku ɗaya. Ita ba ta iya zama wuri ɗaya ba, kullum tana sauri. Ke kin fi ta haƙuri."

Hasken ya bar gadon ya koma bango, ya hau kan hotunan. Auta tana nan zaune, haɓa a ɗage, ba ta motsa ba.