Cocin da Wafa Ta Rushe

Da Wafa ta san abin da za ta jawo wa kanta, da ta zaɓi tarihin rijiyoyin Makka kamar sauran ɗalibai, ta gama ta huta. Amma ina, ita ce mai son abin da ba kowa ya taɓa ba. Sai ta ce binciken digirinta na biyu zai duba yadda 'yan Katolika ke ba da tarihin cocinsu da zuwan zamani. Yarinyar da aka haifa a unguwar Hindawiyya ta Makka, jikar alhazan Kano, wadda ko ƙofar coci ba ta taɓa gani ba.

Labarin da kowa ya haddace a jami'arsu gajere ne: coci ya danne ilimi, Turawa suka gaji, suka yar da addini, suka ci gaba. Wafa ta shiga littattafan su 'yan Katolikar, ta tarar ba haka suke faɗa ba. Su a wurinsu, masu zaman zuhudu na cocinsu ne suka riƙe karatu suna kwafar littattafai da hannu, kuma a inuwar coci jami'o'i da asibitoci suka tashi. Zamani, in ji su, ɗa ne da coci ya raina, ya girma ya ce bai san uwarsa ba.

Littafi dai ba ya amsa tambaya, ga shi duk faɗin Makka babu Kiristan da za ta tambaya. Yayanta Mukhtaru, mai tasi tsakanin Makka da Jidda, shi ya samo mata Malam Istifanus, wani Bahaushen Malumfashi da ke aikin haɗa magani a Jidda. Ɗan Katolika ne, ya taɓa yin karatun zama fada, wato limamin coci, kafin ya fasa. Shi ba shi da halin shigowa Makka tunda ba Musulmi ba ne, don haka duk Asabar Mukhtaru ke kai ta wani gidan shayi kusa da wurin aikinsa, yana gunagunin fasinjojin da ya rasa. Hausarta rabi Larabci ce, ta Istifanus kuwa ta ƙauye ce tsantsa, amma suna fahimtar juna.

Shi ya bayyana mata yadda wani Fafaroma ya taɓa jera kurakuran zamani ya yi tir da su, sannan bayan kusan ƙarni guda manyan cocin suka yi babban taro suka sassauto, har aka bar mutane su yi ibada da harshensu maimakon Latin. Ya ce har gobe 'yan Katolika na jayayya a kan taron nan, wasu na cewa an buɗe taga iska ta shigo, wasu na cewa an yaye rufin ne gaba ɗaya. Wafa ta rubuta babin kamar yadda ta ji, ta bar nata martanin zuwa babi na gaba. Da ta fassara masa, ya ce haka abin yake. Ta koma gida tana jin ta yi aiki.

Duktura Hadil, mai duba aikinta, ta karanta ta ɗago kai.

"Ya binti, wa ya rubuta wannan, ke ko fada?"

Wafa ta ce ai martanin na tafe a gaba. Duktura ba muguwa ba ce, ta san kwamitin da za a zauna a gabansa ne. Ta ce babu mai haƙurin jiran babi na gaba, dole kowace magana tasu a bi ta da raddi nan take, in ba haka ba babu munaƙasha bana, wato zaman kare bincike. Wafa kuwa ta riga ta cinye duk ƙarin wa'adin da ake bayarwa.

Haushi ya ishe ta. Ba wai tana shakkar addininta ba ne, abin da ke cin ta shi ne yadda za a ce ka ka da mutum a muhawara alhali ba ka bar shi ya ƙarasa maganarsa ba. Ta faɗa wa Mukhtaru, ya ce shi dai ta gama ya huta da hanyar Asabar. Ta faɗa wa mahaifiyarsu, ta ce tun farko me ya kai ta.

Ta gyara. Aka dawo da shi, wai raddin ya yi laushi. Ta sake gyarawa, aka ce maganar jami'o'i da asibitoci ta yi tsawo, ta rage. Aka ce jayayyar da ke tsakaninsu za ta rikita mai karatu, ta cire. Kullum tana cewa wannan ne na ƙarshe, kullum sai an sami wani abin yankewa, har ta daina gardama.

Ranar munaƙasha kwamiti ya yaba. Wani dattijo a cikinsu ya ce bai taɓa ganin an rushe hujjar Nasara tsaf haka ba. Aka ba ta daraja mafi girma, mahaifiyarta ta yi guɗa, aka raba dabino da gahawa a gida.

Ta so ta bar zancen a nan, amma ta yi wa Istifanus alkawarin zai ji yadda babin ya ƙare. Mukhtaru ya kai ta. Ta fassara masa shafi bayan shafi, yana saurare, shayinsa na hucewa. Da ta gama ya taya ta murna, kuma da gaske yake. Ta matsa masa ya faɗi abin da ya gani.

"Malama, kin yi ƙoƙari," ya ce. "Mutanen nan da kika kayar sun cancanci kayarwa, ni ma da na gamu da su da na taya ki. Sai dai ban san su ba."